Yadda zaka warware babbar lamba da biro da takarda har ka san abinda ke cikinta

Ga lamba nan: 3,606,122,520. Biliyan uku da miliyan ɗari shida da shida da dubu ɗari da ashirin da biyu da ɗari biyar da ashirin. Yawancin mutane da sun ga irin wannan sai su ce ai wannan sai kwamfuta, su ture ta gefe, alhali wallahi da biro da takarda da ɗan haƙuri zaka iya sanin kusan duk abinda ke cikinta, wace lamba ce ke raba ta, guda nawa ne masu raba ta, ko murabba'i ce, wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta, yaya kwamfuta ke rubuta ta. Da gangan na zaɓi wannan ɗin saboda tana ɗauke da abubuwa da yawa, amma hanyar ɗaya ce ga kowace lamba da zaka ci karo da ita.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shine ba'a tunkarar babbar lamba gaba ɗayanta. Ƙananan lambobi ne aka ninka suka haife ta, to aikinka ka nemo su ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ƙananan su ake kira lambobin firam, wato lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irinsu 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1 hanya ɗaya tak ake rubuta ta a matsayin ninkin lambobin firam, babu ta biyu. In ka samo su ka gama rabin aiki, kai fiye da rabi ma.

Kafin ka fara rabawa ka ɗan auna girmanta tukuna. Alƙaluma 10 ne da ita. In kana so ka ji nauyinta a jikinka ka mayar da ita daƙiƙa, kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne, to wannan lamba kwana 41,737 ce da 'yan awoyi, wajen shekara 114 kenan. Sannan ka kintaci tushen murabba'inta, wato lambar da in ka ninka ta da kanta zata baka ita. 60,000 sau 60,000 biliyan 3.6 ne daidai, kaga tushen yana ɗan sama da 60,000. Ajiye wannan a gefe, zamu dawo kansa.

Yanzu duba wutsiyarta. Ta ƙare da 0, kenan cika ce ba mara ba, 2 na raba ta, 5 ma na raba ta. Don sanin ko 4 na raba ta alƙaluma biyun ƙarshe kawai zaka duba, 20, kuma 4 na raba 20. Don 8 ka duba ukun ƙarshe, 520, wanda 8 sau 65 ne. Don 16 ka duba huɗun ƙarshe, 2520, in ka raba da 16 zaka samu 157 saura 8, to nan aka tsaya, 2 sau uku ta shiga cikinta ba ƙari. Dalilin da yasa wannan ke aiki ba wani sihiri bane, 1000 dai 8 na raba ta, to duk abinda ke gaban alƙaluma ukun ƙarshe ninkin 1000 ne, babu ruwanka da shi. Haka 25, ka duba biyun ƙarshe, in ba 00 ko 25 ko 50 ko 75 bane to 25 bata raba ta. Namu 20 ne, kenan 5 guda ɗaya ce a ciki.

Sai 3 da 9, wannan kusan kowa ya sani tun firamare, ka tara alƙaluman. 3+6+0+6+1+2+2+5+2+0 ya bada 27, kuma 9 na raba 27, to 9 na raba lambar. Amma dan Allah kar kace tunda jimillar 27 ce to 27 ma na raba ta, wannan dokar a 9 ta tsaya, mutane da yawa na zamewa anan. Hanyar da zaka tabbatar ita ce ka raba da 9 ɗin tukuna, zaka samu 400,680,280, ka sake tara alƙaluman wannan, 28 ne, 3 bata raba 28, shikenan 3 sau biyu ce kawai.

To ga wadda nafi so duk a cikinsu, kuma ina jin takaicin yadda ba'a cika koyar da ita ba. 7 sau 11 sau 13 daidai yake da 1001. Ita kuma 1000 ai 1001 ce aka cire 1. Saboda haka in ka yanka lamba uku uku daga dama, yadda waƙafi ya riga ya yanka maka ita, sai ka ɗauki yankin ƙarshe, ka ɗebe na gabansa, ka ƙara na gaban wancan, ka ɗebe na gaba, haka haka har ka ƙare, abinda ya fito saura ɗaya yake bari da asalin lambar in an raba da 7 ko 11 ko 13. Gwaji uku kenan a lissafi guda. A tamu yankunan sune 3 da 606 da 122 da 520. 520 a ɗebe 122 saura 398, a ƙara 606 ya zama 1004, a ɗebe 3 ya zama 1001. Kaga 1001 ɗin da kanta ta fito, kenan 7 da 11 da 13 duk suna raba ta.

Kar ka ɗauka sai in amsar tayi kyau haka dabarar ke da amfani. Gwada da 1,234,567, 567 a ɗebe 234 a ƙara 1 ya bada 334. Raba 334 da 7 saura 5, da 11 saura 4, da 13 saura 9, to babu ko ɗaya cikinsu da ke raba 1,234,567, kuma har ka san sauran da kowacce zata bari ba tare da kayi doguwar rabawa ba. In abin ya fito ƙasa da sifili kar ka damu, ka ƙara 1001 har ya hau sama.

Yanzu sai a fara sassaƙe ta. Raba da 10, ka samu 360,612,252. Saura 2 guda biyu da bamu cire ba, raba da 4, ka samu 90,153,063. Raba da 9, ka samu 10,017,007. Raba da 1001, ka samu 10,007. Daga alƙaluma 10 mun sauko 5.

Anan ne ake bukatar natsuwa, domin 10,007 ba zata faɗa maka komai da ganin ido ba. Da farko ka sake gwada 7 da 11 da 13 a kanta, don lamba ɗaya na iya shiga sau biyu ko fiye, dabarar 1001 kuwa ce maka kawai tayi sun shiga, bata ce sau nawa ba. Da 7 saura 4, da 11 saura 8, da 13 saura 10, babu. Sai ka cigaba da 17, 19, 23, amma tambayar ita ce a ina zaka tsaya, ai bazaka gwada har 10,006 ba. Zaka tsaya ne a tushen murabba'inta. Dalili kuwa, in lambobi biyu aka ninka suka bada 10,007 ba yadda za'ayi dukansu su wuce tushen, dole ɗaya ta zama ƙarama ko daidai da shi, to in baka samu ƙaramar ba babu babbar. 100 sau 100 dubu goma ne, 101 sau 101 kuma 10,201 ne ya riga ya wuce, kenan 97 ce ta ƙarshe da zaka gwada. Lambobin firam da ke ƙasa da 100 guda 25 ne kacal, ka riga ka gama da shida, saura 19. Zauna kayi su, minti goma ne ko ƙasa. Wasu zasu matso kusa sosai, 23 sau 435 ya bada 10,005, 41 sau 244 ya bada 10,004, 73 sau 137 ya bada 10,001, amma babu wadda ta faɗa daidai. To 10,007 firam ce, hasalima ita ce mafi ƙanƙantar firam mai alƙaluma biyar.

Ga abinda muka samu:

3,606,122,520 = 2×2×2 × 3×3 × 5 × 7 × 11 × 13 × 10,007

Daga wannan layin ɗaya sauran abubuwan ke fitowa da kansu. Kana so ka san lambobi nawa ne ke raba ta gaba ɗaya? Ba sai ka jera su ba. Duk lambar da ke raba ta daga waɗannan firam ɗin aka harhaɗa ta, to a wajen 2 zaɓi huɗu kake da shi, ko kar ka ɗauka ko ka ɗauki ɗaya ko biyu ko uku, a wajen 3 zaɓi uku, sauran biyar ɗin kowacce zaɓi biyu, ko ka ɗauka ko ka bari. Ka ninka 4×3×2×2×2×2×2 ka samu 384. Lambobi 384 ne ke raba ta, har da 1 da ita kanta. A taƙaice kowace firam ka ƙara 1 akan yawan shigarta sannan ka ninka su.

Wannan 384 ɗin ma ya faɗa maka wani abu kyauta, cewa lambar ba murabba'i bace. Masu rabawa bibbiyu suke zuwa, ƙarama da abokiyarta babba, murabba'i ce kaɗai ke da guda a tsakiya wadda take abokiyar kanta, shi yasa adadin masu raba murabba'i kullum mara ne. Kuma ko ba wannan ba, murabba'i in zata ƙare da sifili to sai biyu ko huɗu ko shida, bata ƙarewa da guda ɗaya.

Jimillar masu raba ta ma haka, kowace firam ka tara matakanta daban. Na 2 shine 1+2+4+8 wato 15, na 3 shine 1+3+9 wato 13, sauran kuma kowacce ka ƙara mata 1, 6 da 8 da 12 da 14 da 10,008. Ninka su duka zaka samu 15,737,379,840. Cire lambar kanta daga ciki saura 12,131,257,320, wanda ya ninka ta fiye da sau uku. Irin wannan ita ake cewa lamba mai yalwa. In jimillar bata kai lambar ba gajiyayya ce, in kuma ta faɗa daidai da ita to kammalalliya ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8128, waɗanda masana lissafin Girka suka sani tun zamanin da. Su ba su da yawa ko kaɗan, kuma duk waɗanda aka gano zuwa yau cika ne.

Akwai kuma wani ƙidayar da ke ɗauke da sunan masanin lissafi Euler, wato lambobi nawa ne ƙasa da ita da basu haɗa wata firam da ita ba. Ga firam mai shiga sau ɗaya ka cire mata 1, ga 8 wato 2×2×2 ka ɗauki 4 (lambobin ƙasa da 8 da 2 bata rabawa), ga 9 wato 3×3 ka ɗauki 6 (na ƙasa da 9 da 3 bata rabawa), sai ka ninka 4×6×4×6×10×12×10,006 ka samu 691,614,720, kusan kashi 19 cikin 100 kenan. Na ambace shi ne saboda shi ake amfani da shi a tsarin sirrinta saƙo na RSA.

Yanzu mu koma kan tushen nan da muka ajiye. Pierre de Fermat, lauya ɗan ƙasar Faransa da ya rayu a ƙarni na 17, yana da wata dabara ta daban wadda bata fara da ƙananan lambobi ba, daga tsakiya take farawa. Ka nemi murabba'i na farko da ya wuce lambarka, ka ɗebe lambar daga ciki, in abinda ya rage shi ma murabba'i ne to ka tsaga ta gida biyu. Mu gwada. 60,051 sau 60,051 ya bada 3,606,122,601. Ɗebe 3,606,122,520, saura 81. Kuma 81 ai 9 sau 9 ne! To sai ka cire 9 daga 60,051 ka kuma ƙara 9, ka samu 60,042 da 60,060, in ka ninka su lambarmu ce ta dawo. A taku ɗaya. Gaskiya wannan na burge ni duk sanda na gani, amma ka sani tana saurin aiki ne kawai in lambar tana da masu rabawa biyu da ke kusa da juna, in sun yi nisa zaka yi ta ƙara 1 akan tushen kana gwadawa har ka gaji. Kuma ga lamba mara ko wadda 4 ke rabawa take aiki. Shi yasa masu haɗa makullin RSA ke kula kar firam biyun da suka zaɓa su yi kusa da juna.

Duk sanda kayi babban ninki irin wannan ka duba shi da dokar tara kafin ka yarda da shi. Alƙaluman 60,042 sun taru 12, 1 da 2 kuma 3. Na 60,060 ma 12, wato 3. 3 sau 3 tara ne, na amsar kuma 27, 2 da 7 tara, sun dace. Bata kama kowane kuskure ba, in ka musanya alƙaluma biyu bazata gani ba, amma tana kama mafi yawa.

Ta ɓangaren kwamfuta kuwa, ita da 0 da 1 kawai take rubutu. Ka yi ta raba lambar da 2 kana rubuta sauran sannan ka karanta daga ƙasa zuwa sama, amma hanya mafi sauri ita ce ka raba da 16, kowane saura ya baka alƙaluma huɗu a lokaci guda. Tamu a tsarin 16, inda haruffa A zuwa F ke tsayawa a madadin 10 zuwa 15, D6F11018 ce, a tsarin 2 kuma 11010110111100010001000000011000, bit 32 cif, wato alƙaluman 0 da 1 guda 32. Lura ta ƙare da sifili uku, waɗancan 2 guda uku ne da muka samu tun farko. Ta wuce 2,147,483,647, wadda ita ce iyakar abinda bit 32 ke ɗauka in an ware ɗaya don alamar ƙasa da sifili, to tsohon furogiram da ke ajiye lamba haka in ka bashi tamu zai iya juya ta ya nuna maka wani abu daban. Wannan iyakar ce dai ke jawo matsalar shekarar 2038, domin tsofaffin na'urorin da ke ƙirga daƙiƙa daga farkon 1970 zasu cike ranar 19 ga Janairu 2038.

Kuma ka yi hattara da kayan aikinka. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, in ka rubuta masa lamba mai 16 ko fiye sai ya mayar da na ƙarshen sifili ba tare da ya ce maka komai ba. Kalkuletar hannu ma da lamba ta wuce fuskarta sai ta dunƙule ta. Ga aikin da muke yi kuwa wutsiyar nan ita ce komai. In zaka yi da na'ura kayi da Python, wani yaren rubuta furogiram, shi yana riƙe cikakkiyar lamba komai tsawonta muddin akwai wurin ajiya.

To in lambar ta wuce a gwada ta ɗaya bayan ɗaya fa? Mai alƙaluma 40 tushenta alƙaluma 20 ne, babu mai zama ya gwada wannan. Anan sai a koma wasa da saura. Fermat ya gano cewa in n firam ce kuma mara, ka cire 1 daga n, ka ninka 2 da kanta sau wannan adadin, ka raba da n, saura 1 ne kullum. A Python layi ɗaya ne, pow(2, 10006, 10007) zai baka 1. In ya baka wani abu ba 1 ba to ka tabbata lambar ba firam bace, koda baka san ko ɗaya daga cikin masu raba ta ba. In ya baka 1 kuma kar kayi saurin yanke hukunci, 341 tana cin wannan gwajin alhali 11 sau 31 ce, 561 kuma wadda take 3×11×17 ta fi ta wayo, tana ci da duk lambar da bata haɗa firam da ita ba. Shi yasa ake amfani da gwajin Miller da Rabin wanda ya toshe wannan ƙofar. Shi kansa Fermat ya zaci 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 Euler ya nuna 641 sau 6,700,417 ce. Ka gwada ta da kanka, da 2 zata baka 1, da 3 kuma asirinta ya tonu.

Ka bambanta abu biyu anan, sanin cewa lamba ba firam bace abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, nemo masu raba ta kuma wani dutse ne daban. Tun 1876 Édouard Lucas ya nuna 2 sau kanta sau 67 a cire 1 ba firam bace, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta, 193,707,721 da 761,838,257,287. Wata lamba da ake kira RSA-250 mai alƙaluma 250 sai a 2020 aka iya tsaga ta, da tarin kwamfutoci.

Ko lambar da bazaka iya rubutawa ba zaka iya faɗin wani abu a kanta. Ɗauki firam ɗin da Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 ta hanyar GIMPS, shirin neman manyan firam da kwamfutoci, 2 sau kanta sau 136,279,841 a cire 1. Da me ta ƙare? Ninkin 2 wutsiyarsa zagaye take, 2, 4, 8, 6, sai ta dawo 2. Raba 136,279,841 da 4, biyun ƙarshe 41 ne, saura 1, kenan a farkon zagayen ta faɗa, 2, a cire 1 ya zama 1. Da 1 ta ƙare.

Alƙalumanta nawa? Ka ninka yawan ninkin da logaridim ɗin 2, wata tsayayyiyar lamba ce wajen 0.30103, ka yar da abinda ke bayan ɗigo, ka ƙara 1. Ga 2 sau kanta sau 100, 100 sau 0.30103 ya bada 30.103, kenan alƙaluma 31, kuma haka ne. Amma ga wannan ƙatuwar in kayi amfani da 0.30103 zaka samu 41,024,320.5 ka ƙara 1 kace 41,024,321, kayi kuskure da ɗaya. 0.30103 dunƙulalliya ce, ainihin ta 0.30102999566 ce da ɗoriya, kuma ɗan bambancin nan da baya komai a wajen 100 in aka ninka shi sau miliyan 136 ya haura rabin guda. Da doguwar zaka samu 41,024,319.9, ka yar da na bayan ɗigo ka ƙara 1, alƙaluma 41,024,320. Saboda haka in yawan ninkin yana da alƙaluma tara, ka ɗauki logaridim ɗin da aƙalla alƙaluma 11 ko 12 bayan ɗigo kafin ka ninka.